Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro Da Babban Hafsan Sojin Sama: A Duba Mana Kujerar Da Matuƙi Ke Zaune A Kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe Mai Girma Ministan Tsaro, da Babban Hafsan Sojin Sama, da shugabannin kwamitocin da ke kula da rundunar sojin sama a Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon abin da ya ɗora muku, ya jiƙan dakarunmu da suka riga mu gidan gaskiya a bakin aiki, ya ba iyalansu haƙuri.

Ni tsohon ɗan kwana-kwana ne. A sashen kashe gobara na filin jirgin sama na yi aiki har na ajiye, kuma ɗan ƙanwata yana cikin samarin da kuka yaye suke tuƙa jiragen yaƙi. Soja ba ya kai ƙarar aikinsa gida, don haka bai aike ni ba, bai ma san ina rubuta wannan ba. Da yawun waɗanda ba sa sa kaki nake magana: iyayen matuƙa da matansu, da tsofaffin abokan aikina, da mutanen ƙauyen da jirgi ke faɗo wa a gona ba sallama.

Abin da ya tayar da ni shi ne sayen jiragen yaƙi 24 ƙirar M-346 daga kamfanin Leonardo na Italiya, bayan Super Tucano 12 da suka iso a 2021 aka girke su a Kainji, da JF-17 guda uku daga Pakistan. Mun yi murna, don duk wanda ke da dangi a Zamfara ko Borno ya san amfanin jirgi. Sai dai duk lokacin da aka yi bikin karɓar jirgi, zancen gudu ake yi da makamai da nisan zango. Uwar matuƙi kuwa tambayarta ɗaya ce: ranar da ƙarfen nan ya ƙi, ɗana zai iya fita?

Ranka ya daɗe Babban Hafsa, kai ka fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu. Ka yi mini haƙuri in yi wa 'yan majalisa bayani, tun da su ke sa hannu a kan kuɗin.

Kujerar da matuƙin jirgin yaƙi ke zaune a kai bindiga ce da roka a haɗe. Tsakanin cinyoyinsa akwai wani mariƙi mai zanen baƙi da rawaya. In jirgi ya gagara ya finciko mariƙin, abubuwa ne ke biyo juna cikin ƙiftawar ido. Murfin gilashin da ke kansa ko dai a cillar da shi ɗungurungum, ko wata siririyar igiyar nakiya da aka manna a jikinsa ta tarwatsa shi, ko kuma ƙahonin da ke saman kujerar su fasa shi ta wuce. Ɗamarar kafaɗa ta janyo mutumin ta manne shi da kujera, igiyoyi su tattaro ƙafafunsa don kada iska ta kakkarya su. Harsashi ya tashi ya tura kujerar sama a kan dogonta, roka ta karɓa ta ɗaga ta nesa da wutsiyar jirgi. Ƙaramar laima ta fita ta daidaita ta, babbar ta buɗe, kujera ta rabu da shi ta faɗi. In jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, daƙiƙa biyu zuwa uku an gama. Ƙarfin turin kan kai ninki 12 zuwa 14 na nauyin jikin mutum, shi ya sa da yawa ke tsira da rai amma da tsagewar ƙashin baya. Fasahar ta daɗe. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani matuƙi Bajamushe, Helmut Schenk, ya tsira da irinta. Kamfanin Martin-Baker na Ingila, wanda kujerunsa ne a cikin Super Tucano da JF-17 da M-346, ya gwada tasa da mutum a kai cikin Yulin 1946, kuma yana lissafin sama da mutum 7,500 da ta fitar da rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowane mataki a cikin waɗannan yana rataye ne da abin da ke tsufa ko da ba a taɓa shi ba. Harsasan kujera da rokarta da igiyar nakiyar murfi duk suna da wa'adi a rubuce, wani na zama a rumbu, wani na zama a jikin jirgi. Laima tana da lokacin da za a warware ta, a duba ta zare-zare, a sake naɗewa. Robobi na bushewa, batir na mutuwa. Ku ƙara da jirgin da ke tsaye a rana a Maiduguri ko Yola cikin watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Maharbin da ya bar albarushinsa a rataye damina ta wuce a kansa ya san abin da zai tarar ranar da ya yi arba da ɓauna. Shi ma ya fi matuƙi gata, don yana iya fita bayan gari ya gwada harbi ɗaya. Kujera ba a gwada ta. Ranar da aka ja mariƙin ita ce ranar farko, ita ce ta ƙarshe. Waɗannan kaya kuma ba a kasuwa suke ba. Nakiyoyi ne, sai da izinin ƙasar da ta ƙera su suke fitowa, da kuɗin waje ake saye, ba kowane jirgin kaya ke ɗaukar su ba. Wanda ya tuna da su bayan wa'adi ya cika ya riga ya makara da watanni, kuma zaɓinsa biyu ne: ya ajiye jirgi a lokacin da ake yaƙi, ko ya sa hannu a takarda ya ƙara wa kayan wa'adi.

Kada a ce tsoron tsoho ne. A daren 30 ga Yunin 2020, a sansanin Shaw da ke Amurka, Laftanar David Schmitz ya lalata ƙafar jirginsa F-16 wajen sauka, ya ja mariƙi, kujera ta fita, laima ba ta buɗe ba, ya mutu. Bincike ya nuna na'urar da ke jera matakan kujerar ce ta gaza, kuma an yi ta ɗage gyaranta saboda rashin kayan gyara, ana ƙara mata wa'adi. Amurka ke nan, mai kuɗin duniya. A Nuwamban 2011, a Ingila, kujerar Sean Cunningham na Red Arrows, ayarin sojin saman Ingila masu nuna bajinta da jirage, ta tashi da shi jirgi na tsaye a ƙasa, laimarsa ba ta buɗe ba saboda an matse wani noti guda fiye da kima. A zaman binciken mutuwarsa aka gano kamfanin Martin-Baker da ya ƙera kujerar ya daɗe da sanin haɗarin matse notin, ya gargaɗi wasu ƙasashe, amma gargaɗin bai kai ga sojin saman Ingila ba. A 2018 kotu ta ci Martin-Baker tarar fam miliyan 1.1. Sannan a Yulin 2022, da aka gano wani rukunin harsasan kujera da ba a cika su daidai ba, Amurka ta dakatar da jiragenta F-35 da dama har aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ni da nake zaune a gida na san noti ne ya kashe Cunningham? Saboda an buga rahoton, kowa ya gani. A nan ƙorafina na farko yake, kuma shi ne babba.

Ranar 28 ga Satumban 2018, jiragen F-7Ni biyu suka yi karo a samaniyar Abuja suna atisayen bikin ranar 'yancin kai, suka faɗi a wajejen Katampe. Matuƙa uku suka fita da kujera. Biyu suka rayu. Sikwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu, sanarwar runduna ta ce raunukan da ya samu ne sa'ad da ya bugi ƙasa, jaridu kuma suka ruwaito cewa laimarsa ba ta buɗe yadda ya kamata ba. Mutum uku, rana ɗaya, sama ɗaya, ɗaya bai kai ba. Tambayar da kowane matuƙi da kowace uwar matuƙi za su yi a bayyane take: ƙasa ce ta yi kusa, ko jirgin ya kife ne lokacin da ya ja, ko karon ya taɓa kujerar, ko wani abu a jikinta ne ya ƙi? Kowace amsa da gyaran da take nema. Mu dai abin da muka saba ji bayan kowane haɗari shi ne an kafa kwamitin bincike. Daga nan sai shiru, sai haɗari na gaba da kwamitinsa.

Na san akwai sirrin soja, ba na kuma neman a gaya mana inda jirgi ya je ko abin da ya ɗauka. Amma ko laima ta buɗe ko ba ta buɗe ba, ko harsashi yana cikin wa'adinsa ko ya wuce, wannan ba abin da Boko Haram za ta ƙaru da shi. Wanda shirun ke yi wa amfani shi ne ɗan kwangila ko jami'in da ya yi sakaci. Kuma shirun yana cutar da ku, ranku ya daɗe, don yana binne alherinku tare da laifin. Ranar 14 ga Yulin 2023 jirgin horo FT-7Ni ya faɗi a Makurɗi, matuƙan biyu suka fita da ransu. Akwai wasu bayin Allah da suka ɗaura harsasan kujerun nan, suka naɗe laimomin da hannunsu, suka yi aikin daidai. Ba wanda ya ji labarinsu.

Ƙorafi na biyu ya shafi sana'ata, a nan kuma zan ɗan daɗe. Ba kowane tarko ne a sama ba. Jirgi kan kauce wa titinsa wajen tashi ko sauka, ya tsaya da wuta a gindinsa, murfi ya ƙi buɗewa. Wani lokaci ma ba haɗari, ƙarfe ne kawai ya cije. A Afrilun 2006, a sansanin Langley na Amurka, matuƙin F-22 ya kwashe awa biyar a kulle cikin jirginsa a ƙasa, sai da 'yan kwana-kwana suka yanka murfin da zarto. Da wuta ce ta kama, da minti biyu ma ya yi yawa. Saboda irin haka ake ajiye wa matuƙi wani ɗan guntun ƙarfe mai nauyi da kaifin baki a gefen mazauninsa don fasa gilashi, ake kuma sa wani mariƙi a waje, da kibiya mai launin rawaya tana nuna shi, don mai ceto ya ja murfin ya tashi. Tsofaffin kujeru sai jirgi ya kai wani gudu ko wani tsayi suke fitar da mutum lafiya. Na zamani kuwa ko jirgi na tsaye cik a ƙasa suna iya ɗaga shi har laima ta buɗe. Rundunarmu na da jiragen ƙasashe daban-daban da shekaru daban-daban: Alpha Jet tun farkon shekarun 1980, L-39 da ake horo da su a Kano, F-7 na Sin, ga sababbin. Kowanne da irin kujerarsa, da inda mariƙinsa yake, da yadda ake kashe shi.

Da yawa daga filayen jiragenmu na Arewa, soja da farar hula ne ke amfani da titi ɗaya. Wata rana ina bakin aiki aka yi mana kira cewa jirgin soja zai sauka da matsala. Muka bi shi da mota har ya tsaya, hayaƙi na tashi daga tayarsa. Muka ja mesa, muka shirya kumfa. Wani yaro a cikinmu, mai zuciya ne ƙwarai, ya jingina tsani ya hau da gatari a hannu, ya leƙa da rabin jikinsa cikin mazaunin matuƙi zai taimaka masa ya kwance ɗamara. Sai ga wani sajan na sojin sama a guje yana ihu, hannunsa riƙe da wasu ƙananan fil-fil masu jajayen ƙyallaye. Ya janyo yaron ƙasa, ya hau, ya soka fil ɗin a gurabensu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce to yanzu ku taɓa. Da hannun rigar yaron nan ya saƙale mariƙin, da kujerar ta tashi da shi da matuƙin gaba ɗaya. Akwai jan alwatika a jikin jirgin yana gargaɗi, mun sha ganinsa, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga ma'anarsa. Mun san jiragen fasinja ƙofa-ƙofa, don a kansu aka horar da mu. Wanda ya fi kowanne haɗarin taɓawa shi ne ba mu sani ba. Ba kowace rana ce sajan zai kasance a kusa ba, musamman in jirgin ya karkato ne daga wani sansani ya sauka inda ba a shirya masa ba.

Na uku: fita daga jirgi rabin tsira ne. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara yana dawowa daga aiki. Filait Laftanar Abayomi Dairo ya fita da kujera, ya sauka a tsakiyar dajin waɗanda suka harbo shi, ya ɓuya, ya yi ta tafiya cikin duhu har ya isa wani sansanin sojin ƙasa. An yi ta yabonsa, ya kuma cancanci yabo. Amma a cikin sanarwar rundunar da kanta akwai wata magana da ta hana ni barci: da wayarsa ta hannu ya nemi hanya. Da wayar ta fashe wajen sauka fa? Da caji ya ƙare? Da a yankin da aka katse layukan sadarwa ne, kamar yadda aka yi a Zamfarar 'yan makonni bayan haka? A ƙarƙashin kujera akwai jakar tsira da ke saukowa tare da matuƙi. A cikinta ya kamata a samu na'urar da ke sanar da inda yake, da rediyon da zai yi magana da jirgin da ke nemansa ba tare da maƙiyi ya ji ba, da ruwa, da kayan ɗaure rauni. A can sansani kuma ya kamata a ce jirgi mai saukar ungulu na tsaye da mai a cikinsa da mutanensa, tun kafin jiragen yaƙi su tashi. Ƙasar nan ma tana da cibiyar karɓar saƙon neman agaji ta tauraron ɗan Adam a hukumar NEMA a Abuja, ba daga tushe za a faro ba.

Mun ga abin da ke faruwa in ba a riga maƙiyi isa ba. A Satumban 2014 Alpha Jet ya tashi daga Yola bai dawo ba, Win Kwamanda Chimda Hedima ya faɗa hannun Boko Haram da ransa, suka kashe shi. Ranar 31 ga Maris 2021 wani Alpha Jet ya ɓace a Borno da Filait Laftanar John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, sai a Maris 2022 sojojin ƙasa suka ci karo da tarkacensa a Sambisa. Shekara guda iyali ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jiran waya ba. Wasu ƙasashen ba sa ɗaukar wannan da wasa. Da 'yan IS suka kama matuƙin Jodan, Mu'az al-Kasasba, a Siriya cikin Disambar 2014, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da hare-haren jiragenta har sai da aka matso da masu ceto kusa da fagen daga.

Sai mutanen ƙauye, waɗanda su ne ke fara isa wurin kafin kowace mota. Da kyakkyawar niyya za su ciccibi matuƙi su ɗora a babur, alhali ƙashin bayansa ya tsage, wanda da an bar shi a kwance a miƙe zai tashi da ƙafafunsa. Yara za su rufe tarkacen suna ɗaukar hoto, masu gwangwan su zo da buhu, a wurin da akwai harsasai da rokokin da ba su tashi ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu. Zan ƙara wata magana mai ɗaci, ku yi mini afuwa. Manomin da kuke fata ya ɓoye matuƙinku a rumbu yana sane da abin da 'yan bindiga za su yi wa ƙauyensa in suka ji, yana kuma sane da abin da ya faru a Rann a Janairun 2017, inda jirgin sojinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, da sauran wuraren da bam ya sauka kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk ranar da aka yi kuskure irin wannan aka ƙi fitowa a amsa a biya diyya, ana rage ƙofofin da za su buɗe wa yaronmu da tsakar dare.

Jiragenmu masu saukar ungulu da na jigila ba su da kujerar cillawa, amma su ma suna da hanyoyin fita: ƙofofin da ake ɓallewa, gatari, kayan kashe wuta, rigar da ba ta saurin kamawa. Mun binne mutum biyar na jirgin Mi-35 da ya faɗi a Damasak a Janairun 2019, da bakwai a Abuja a Fabrairun 2021, da goma sha ɗaya a Kaduna a watan Mayun shekarar, har da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru. Duk binciken da za a yi ya haɗa da su.

Akwai kuma batun jiki. Kujera tana da iyakar nauyin da aka gina ta a kai. A 2015 Amurka ta hana matuƙan da ba su kai kilo 62 ba tuƙa F-35 saboda haɗarin karyewar wuya, sai da aka gyara kujerar da hular. Tun 2019 da Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a ƙasar nan muke da mata a wannan aiki, samarinmu ma da yawa sirara ne. A auna kowa da kujerar da zai hau.

Ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Muna roƙon Babban Hafsa ya sa a bi kowane jirgi mai kujerar cillawa, tsoho da sabo, a rubuta ranar da wa'adin kowane harsashi da roka da igiyar nakiya da laima zai cika, da duk wanda aka ƙara wa wa'adi da sunan wanda ya sa hannu. A kai wannan lissafi gaban kwamitocin majalisa duk shekara, ko da a zaman sirri ne. Jirgin da kayansa suka wuce wa'adi kada ya tashi, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a kansa a kare shi daga fushin na sama da shi, don galibi sajan ne ke ganin abin, hafsa ne ke son jirgi ya tashi.

Mai Girma Minista, yarjejeniyar M-346 tana hannunku. A tabbatar ta ƙunshi harsasan canji na shekaru masu zuwa, da horar da masu gyaran kujera da masu naɗe laima, da ɗakin ajiya mai sanyi, da sharaɗin cewa duk gargaɗin da kamfani ya aika wa wata ƙasa mu ma a aiko mana rana ɗaya. Labarin Cunningham ya isa dalili. 'Yan majalisa kuma ku ware wa kayan tsira layinsu daban a kasafin kuɗi, kada a cusa su cikin kuɗin gyare-gyare inda su ne farkon abin da ake yankewa in kuɗi ya gaza. In kun je ziyarar gani da ido, ku wuce inda aka jera jirage an wanke su, ku ce a kai ku ɗakin laima, ku ɗauki katin kujera guda ku karanta kwanan watan da idonku.

Muna roƙon a riƙa fitar da taƙaitaccen rahoton kowane haɗari cikin lokacin da aka ƙayyade, a cire abin da ya shafi sirrin yaƙi, a bar abin da ya shafi kayan tsira, a kuma zaunar da iyalan mamaci a yi musu bayani kafin su gani a jarida. A fara da na Katampe.

A haɗa 'yan kwana-kwanan filayen jiragen farar hula da na soja a atisaye ɗaya, a jikin jirgin gaske, kowa ya taɓa mariƙin waje da hannunsa, ya ga gurbin fil. Kowace motar kashe gobara ta samu kati mai hoton kowane irin jirgi, da zarton da zai iya cin murfin. Wannan kusan ba ya cin kuɗi, umarni kawai yake jira, kuma rundunar na da cibiyar koyar da kiyaye haɗura a Ipetu-Ijesa da za ta iya tsara shi.

Kada a tura jirgin yaƙi Sambisa ko dazukan Zamfara da Birnin Gwari sai da masu ceto a shirye a zangon da za su iya isa da wuri, dare ko rana, kuma kowane matuƙi da na'urar da aka gwada batirinta a ranar. Sannan a yi amfani da rediyo, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Tibi, a gaya wa mutane abu uku: kada a taɓa tarkace, kada a ɗaga matuƙi sai in wuta ce ko maƙiyi ke tafe, ga lambar da za a kira. A bi ta hannun hakimai da dagatai da limamai. Wanda ya taimaki matuƙi a saka masa a asirce, kada a kira sunan ƙauyensa a taron manema labarai.

Mu tsofaffin ma'aikatan kashe gobara muna nan da yawa a Kano da Kaduna da Maiduguri, in ana buƙatar wanda zai zauna da yaran da suka gaje mu a tsara atisayen, a kira mu, ba ma neman ko kwabo. Muna sauraron amsarku a bainar jama'a, kamar yadda muka rubuto a bainar jama'a.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare dakarunmu na sama da na ƙasa. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin kashe gobara na filin jirgin sama, a madadin iyalan matuƙa da abokan aikinsa.